Kafin a Ce "Na Sallama": Yadda Kwamfutar Banki ke Warware Cinikin da Ya Tsinke

A ranar 26 ga Oktoba, 2022, Gwamnan Babban Bankin Najeriya na wancan lokaci, Godwin Emefiele, ya sanar da cewa za a sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Kafin watan Fabrairun 2023 ya kama, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo a hannun jama'a. Gwamnatin Jihar Kaduna, tare da ta Kogi da ta Zamfara, suka garzaya Kotun Ƙoli, wadda a ranar 3 ga Maris ta yanke cewa tsofaffin takardun za su ci gaba da aiki har ƙarshen shekarar. Siyasar wannan lamari an tattauna ta har an gaji. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne, makonnin nan sun tilasta wa mahauci da mai kayan miya a kasuwar Unguwar Rimi, da mai shayi a bakin titin Isa Kaita, karɓar taransfa ko suna so ko ba sa so, kuma a cikinsu ne kusan kowa ya haddace magana guda: an cire mini, shi kuwa bai gani ba.

To ina kuɗin suke a wannan tsakanin? Kuma me ya sa wani lokaci sukan dawo kafin mutum ya mayar da waya aljihu, wani lokaci kuma sai an yi kwanaki ana sintiri zuwa banki? Dalilin shi ne abubuwa biyu ne daban muke kira da suna ɗaya. Na farkon yana faruwa ne a cikin cikin kwamfuta guda, ba wanda ya taɓa ganinsa, kuma an warware matsalarsa tun shekaru talatin da suka wuce. Na biyun yana faruwa ne tsakanin kwamfutocin hukumomi daban-daban, kuma shi ne har yau yake ci mana tuwo a ƙwarya. Ba a fahimtar na biyun sai an san tarihin na farkon.

Kalmar da ke ɗaure ciniki

Duk wanda ya taɓa taya akuya ya san cewa ciniki yana da gaɓar da yake ɗaurewa. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, a rage, dillali ya sa baki. Duk tsawon wannan lokaci kowa yana da ikon juya baya ya yi tafiyarsa, kuma in ya tafi babu abin da ya sauya: akuya tana hannun mai ita, kuɗi suna aljihun mai su. Amma da zarar mai kaya ya ce "na sallama", magana ta ƙare. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin taƙaddama a kan ainihin wannan gaɓa. Shafi'awa da Hambalawa suna ganin kowane ɓangare yana da zaɓin fasawa muddin ba a tashi daga majalisin ba. Malikawa da Hanafawa kuwa suna ganin da an yi tayi an amsa, ciniki ya ɗauru. Saɓanin a kan wurin da gaɓar take ne. 

Wannan ƙa'ida ce injiniyoyin rumbun bayanai suka sha wahalar koya wa na'ura. A wurinsu, mu'amala tarin ƙananan ayyuka ne da dole su tabbata gaba ɗaya ko su faɗi gaba ɗaya. Tura naira 50,000 daga asusun Talatu zuwa na Tanko ayyuka biyu ne a wurin kwamfuta: ragewa a nan, ƙarawa a can. Tsakanin na farko da na biyu akwai ɗan gibi, ko da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma a cikin gibin nan wuta tana iya ɗaukewa, manhaja tana iya sanƙarewa, ko mai kula da na'urar ya kashe shirin da hannunsa. Bankin da ke gudanar da miliyoyin mu'amaloli a rana ba ya tambayar ko hakan zai faru. Ya san zai faru. A wannan rubutu zan kira gaɓar ɗaurewa "sallamawa", komawa baya kafin ta kuma "warwara", kamar yadda masaƙi ke warware saƙar da ta karkace.

Akawun da ba ya gogewa

Maganin ya girmi kwamfuta da ƙarnuka. A shekarar 1494 aka buga littafin lissafi na Luca Pacioli a birnin Benis na Italiya, wanda a cikinsa ya bayyana yadda 'yan kasuwar birnin ke riƙe littattafansu. Ba shi ya ƙirƙiro tsarin ba, rubuta shi ya yi. Littattafai uku ne: na farko ana zuba duk abin da ya faru nan take, na biyu ana tsara shi bi da bi bisa kwanan wata, na uku shi ne babban littafi inda kowane asusu yake da shafinsa. Abu biyu ne suka shafe mu a nan. Ba a taɓa babban littafi sai abin ya riga ya shiga littafin yau da kullum. Sannan in an yi kuskure ba a kankarewa. Sai a yi wata shigarwa kishiyarta da za ta kashe ta, a bar duka biyun a shafi, domin mai bincike ya ga abin da ya faru da yadda aka gyara.

Kwamfutocin farko na bankuna da kamfanonin inshora, a shekarun 1950 da farkon 1960, ba su da wannan damuwa sosai, saboda a zaren maganaɗisu suke ajiya. Da dare sai a ɗora tsohon zaren asusu, a ɗora zaren hada-hadar yini, na'ura ta fitar da sabon zare. In aiki ya lalace a tsakiya, sai a jefar da sabon a sake daga farko, tunda tsohon yana nan ba a taɓa shi ba. Akan ajiye zuriya uku na zaren, ana kiransu kaka da uba da ɗa. Matsala ta kunno kai ne da zuwan faifan ajiya da kuma buƙatar a amsa wa mutum nan take. Tsarin SABRE na sayar da kujerun jirgin sama a Amurka ya kankama a 1964. IMS na kamfanin IBM, wanda aka gina don lissafin miliyoyin sassan kumbon Apollo, ya fara aiki a 1968. Irin waɗannan tsare-tsare a kan tsohuwar lamba suke rubuta sabuwa. Da an rubuta, tsohuwar ta tafi. In aiki ya tsinke a tsakiya, babu kaka babu uba da za a koma gare su.

A cibiyar binciken IBM da ke San Jose a jihar Kalifoniya, ayarin da ya gina System R daga 1974 ya gwada wata dabara: kada a taɓa tsohon shafi, a yi kwafinsa a gefe a yi gyara a kai, sai daga baya a sauya manuni ya koma kan sabon. Dabarar ta yi aiki, amma ta warwatsa bayanai a faifai ta kuma rage sauri. A rahoton da suka buga a 1981, su da kansu sun nuna cewa ga manyan rumbuna da mutane da yawa ke amfani da su, hanyar kundi ta fi. Ɗaya daga cikinsu, Jim Gray, a wata maƙala ta wannan shekarar, ya kwatanta kundin da zaren da jarumin tatsuniyar Girka ya riƙa warwarewa yayin da yake kutsawa cikin kogo mai ruɗarwa, domin ya bi shi ya fito. Bahaushe zai ce bin sawu. Saboda haka zan kira wannan littafi kundin sawu. A 1983 wasu Jamusawa biyu, Theo Härder da Andreas Reuter, suka tattara alkawuran mu'amala huɗu a cikin laƙabin ACID da ɗaliban kwamfuta ke haddacewa har yau. Biyu daga ciki ne ginshiƙin zancenmu: cewa mu'amala ba ta rabuwa, da cewa abin da aka sallama ba ya ɓacewa ko da wuta ta ɗauke a daƙiƙar da ke biye.

Allo da takarda

Kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu. Akwai ƙwaƙwalwar aiki, mai sauri ƙwarai, amma kamar allon almajiri take: da wuta ta ɗauke an wanke. Akwai faifai, mai nawa, amma abin da aka rubuta a kansa kamar tawada ce a takarda. Rumbun bayanai yana ɗauko shafukan asusu daga faifai zuwa allo, ya yi gyare-gyarensa a can, ya mayar da su faifai a lokacin da ya ga dama. Wannan 'yancin shi ne sirrin saurinsa, kuma shi ne tushen haɗarinsa. Yana iya faruwa shafin Talatu, wanda aka riga aka rage wa kuɗi, ya sauka a faifai tun ba a sallama ba, saboda ana buƙatar gurbinsa a allo. Yana kuma iya faruwa an sallama, an aika wa kowa alat, alhali shafukan biyu suna allo ba su sauka ba. In wuta ta ɗauke, faifai zai ƙunshi abin da bai kamata ya ƙunsa ba, kuma ya rasa abin da ya kamata ya ƙunsa.

Ƙa'idar da ta ɗinke wannan ɓaraka ita ce ta Pacioli: rubutu kafin aiki. Kafin shafin Talatu ya taɓa faifai, dole layin da ke bayanin gyaran ya riga shi sauka a kundin sawu. A ce tana da naira 80,000, Tanko yana da 10,000. Kundin zai ce: mu'amala mai lamba kaza ta fara, asusun Talatu, da 80,000, yanzu 30,000, asusun Tanko, da 10,000, yanzu 60,000, an sallama. Kowane layi yana ɗauke da abin da ake buƙata don komawa baya da abin da ake buƙata don maimaitawa. Kuma rumbun ba zai ce wa kowa "an yi" ba sai layin sallamar ya tabbata a faifai. Wato sallamawa ba saukar kuɗi a shafin Tanko ba ce. Saukar wannan layi guda ne a kundi. Rubuta kundin ba ya cin lokaci, domin kullum a ƙarshensa ake ƙarawa, ba a yawo daga shafi zuwa shafi.

Yanzu a kashe shirin. Mutuwa iri-iri ce, kuma kowace da jana'izarta.

Mafi sauƙi ita ce mutuwar wanda ya zo da aikin. Manhajar da ta buɗe mu'amalar ta faɗi, ko layin sadarwa ya yanke, ko mai kula da rumbu ya ga wani aiki ya kulle asusai ya hana kowa motsi sai ya tsinke shi. Rumbun kansa yana raye. Da ya lura cewa mai maganar ya tafi ba tare da ya sallama ba, sai ya ɗauki shirunsa a matsayin albarka. A Oracle akwai wani shiri na musamman mai suna PMON wanda aikinsa ke nan, zagayawa yana duba waɗanda suka mutu a tsakiyar aiki. Sai a kama layin ƙarshe na wannan mu'amala a bi sawu da baya: kowane layi yana nuni ga wanda ya gabace shi, a mayar da 30,000 ta koma 80,000, har a kai layin farko. Sai bayan nan ne ake sakin makullan da mu'amalar ta riƙe. Duk tsawon lokacin babu wani mai amfani da rumbun da ya ga 30,000 ɗin; ko dai an tsayar da shi yana jira, ko an nuna masa tsohuwar lamba.

A nan ne sababbin ma'aikata ke yawan ƙona hannu. Aikin da ya shafe awa uku yana sauya layi miliyan goma ba ya ɓacewa don an kashe shi. Kowane layi sai an bi an mayar, kuma warwarar tana iya ɗaukar lokacin da ya kai na aikin ko ya fi, tunda sau da yawa ma'aikaci ɗaya ne ke warware abin da da yawa suka saƙa. Mai kula da rumbu ya ga an yi awa guda makullai ba su saku ba, manaja yana tsaye a kansa, layi ya kai bakin titi, sai zuciya ta raya masa ya kashe kwamfutar baki ɗaya ya kunna. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Warwarar tana nan tana jiransa bayan an kunna, an kuma ƙara mata aikin farfaɗowa. Sai a SQL Server na 2019 kamfanin Microsoft ya fito da wata hanya ta musamman don rage wannan jira, abin da ke nuna yadda matsalar ta daɗe tana addabar masu sana'ar.

Maimaita tarihi kafin a gyara shi

Mutuwa ta biyu ita ce ta rumbun kansa: wuta ta ɗauke, janareto bai karɓa ba, batir ya gaza. Allo ya wanku. Ba a san waɗanne shafuka suka sauka ba, ba a san su wa ke tsakiyar aiki ba. Abin da ya rage kawai faifai ne mai rikitattun shafuka, da kundin sawu.

Hanyar da ta zama abin koyi a nan ita ce ARIES, wadda C. Mohan, ɗan asalin Indiya, da abokan aikinsa huɗu a IBM suka buga a 1992. Zagaye uku take yi. Da farko a karanta kundin don a gane mu'amalolin da mutuwa ta riska ba su sallama ba, da shafukan da ake zargin ba su sauka ba. Ba daga farkon kundin ake farawa ba, don da haka ne da sai a shekara. Rumbun yakan yada zango lokaci-lokaci, ya rubuta halin da yake ciki, kamar yadda madugu ke ƙirga jakuna da kaya a kowane zango, saboda haka daga zango na ƙarshe ake tashi. Zagaye na biyu shi ne wanda ya fi ba ni sha'awa, domin ya saɓa wa abin da hankali zai fara kawowa. Maimakon a maimaita ayyukan waɗanda suka sallama kaɗai, sai a maimaita komai, har da ayyukan waɗanda za a warware nan da ɗan lokaci. Manufar ita ce a mayar da rumbun daidai yadda yake a daƙiƙar mutuwa, da kyansa da muninsa. Kowane shafi yana ɗauke da lambar layin kundi na ƙarshe da ya taɓa shi, don haka in gyara ya riga ya sauka ba a ninka shi. Sai a zagaye na uku a bi marasa sallama da baya a warware su, kamar dai rumbun bai taɓa mutuwa ba.

To in wuta ta sake ɗaukewa ana tsakiyar warwara fa? Mazaunin Kaduna ba ya buƙatar a gaya masa cewa wannan ba tambayar ɗakin karatu ba ce. Amsar Mohan ita ce warwarar ma a rubuta ta. Duk gyaran da aka mayar, sai a ƙara layi a kundi cewa an mayar, tare da nuni ga inda za a ci gaba. In an sake kunnawa, a nan za a ɗora, ba a warware abu ɗaya sau biyu, kuma ko sau goma aka faɗi a ƙarshe za a gama. Shigarwa kishiya ce irin ta akawun Benis: kundin ba ya raguwa, ko da abin da yake rubutawa fasawa ce.

Ba kowa ya bi wannan turba ba. POSTGRES, wanda Michael Stonebraker ya fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986, ya zaɓi kada ya rubuta a kan tsohon layi sam. Magajinsa PostgreSQL har yau haka yake: gyara yana haifar da sabon layi kusa da tsohon, kowane da lambar mu'amalar da ta haife shi. In mu'amala ta mutu, ba a bin sawu. Alama guda ake sa mata cewa ta faɗi, nan take duk layukanta su zama kamar babu su ga mai karatu. Warwara a nan kusan kyauta ce, amma bashi ne: gawarwakin layukan suna nan a faifai sai mai shara ya zo ya kwashe. Yana kuma da wata ɗabi'a da ke firgita baƙo. In aka kashe ɗaya daga cikin shirye-shiryensa da ƙarfin tsiya, ba ta hanyar da aka tanada ba, sai uban shirye-shiryen ya sallami kowa ya sake farfaɗowa daga kundi, domin ba shi da tabbacin mamacin bai bar ɓarna a allon da suke tarayya a kai ba. Ita kuwa wayar da ke hannun mai karatu, tana ɗauke da SQLite, ƙaramin rumbun da D. Richard Hipp ya fara a shekarar 2000. Shi ya sa batir kan mutu ana tsakiyar ajiye saƙo, a kunna a tarar da komai lafiya.

Inda kundi ɗaya ba ya isa

Duk abin da ya gabata sharaɗinsa guda: littafi ɗaya, mai iko ɗaya. In Talatu da Tanko banki ɗaya suke, kuɗinta ba sa taɓa maƙalewa a tsakani. Amma katin da aka zura a na'urar POS a Unguwar Rimi yana taɓa littattafai da yawa: na kamfanin da ya ba da na'urar, na mai sada bankuna irin su Interswitch da aka kafa a 2002, na bankin mai kati, da na bankin mai karɓa. Taransfa kuma tana bi ta NIBSS, wanda ya fara aiki a 1994 ya kuma ƙaddamar da tsarin tura kuɗi nan take a 2011. Kowannensu yana da rumbunsa da kundinsa, kuma kowanne yana sallama nasa shi kaɗai.

Ga yadda abin yake faruwa. Saƙo ya isa bankin mai kati, bankin ya cire kuɗin, ya sallama, ya aika alat, ya mayar da amsa cewa an amince. A hanyar dawowa amsar ta ɓace, ko ta makara har wa'adin jiran na'urar ya cika. Na'urar ta buga rasit cewa ba a yi ba. A wurin bankin babu abin da ya lalace. Mu'amala ce cikakkiya, sallamammiya, kuma alkawarin da rumbun ya ɗauka shi ne ba zai taɓa mantawa da ita ba. Ƙarfin da ke kare kuɗin mutum daga ɗaukewar wuta shi ne yake hana su dawowa da kansu.

Masana sun san hanyar ɗaure rumbuna da yawa da sallama guda, kuma kama take da ɗaurin aure: mai ɗaurawa ya tambayi waliyyi ko ya bayar, ya tambayi wakili ko ya karɓa, sai kowa ya amsa sannan a shafa fatiha. Aibinta shi ne, wanda ya riga ya amsa ba shi da ikon ci gaba ko fasawa sai ya ji daga mai ɗaurawa; in shi ya faɗi a tsakani, kowa ya tsaya cak da asusu a kulle. Babu bankin da zai yarda kwamfutar wani ta riƙe masa makulli haka. Saboda haka aka koma ga abin da Hector Garcia-Molina da Kenneth Salem suka tsara a maƙalarsu ta 1987: kowane mataki ya sallama nasa, in tafiya ta lalace a gaba sai a yi sabuwar mu'amala da za ta rama ta farko. Malikawa sun riga su zuwa nan: a wurinsu iƙala, wato fasa ciniki bayan ya ɗauru, sabon ciniki ce in ban da wurare kaɗan, ba share na farko ba. Kuma sabon ciniki yana buƙatar a isar da saƙo, a yarda, a rubuta.

A ƙa'idar saƙonnin kati ta ISO 8583, wadda ta fito a 1987, buƙatar cire kuɗi tana da lamba 0200, amsarta 0210, saƙon mayarwa kuma 0420. In na'ura ba ta ji amsa ba, sai ta tura saƙon mayarwa, ta yi ta maimaitawa. In ya isa, kuɗi su dawo cikin daƙiƙoƙi, mutum ya ga alat biyu a jere. In hanyar da ta haɗiye amsar ita ce ta haɗiye shi, kamar yadda ya riƙa faruwa a cunkoson farkon 2023, sai a jira a gwama littattafan ɓangarorin a ga inda suka saɓa. Banki ba ya gaggawar mayarwa a kan zato, domin shiru ba ya nufin ba a biya ba; mai yiwuwa kuɗin sun shiga, amsar ce ta ɓace, kuma in ya mayar ya biya sau biyu. Wannan uzuri ne na gaskiya, amma a ganina yana bayanin awoyi ne, ba makonni ba. Babban Banki ma haka ya gani: daga 8 ga Yuni, 2020, ya wajabta cewa in na'urar ATM ta bankin mutum ce ta gaza, a mayar nan take ko cikin awa 24, in ta wani banki ce, awa 48, na POS da na intanet kuma awa 72. Jinkirin da ya wuce haka ba na kwamfuta ba ne, na ofis ne.

ATM tana da ƙarin wata matsala da Gray ya ambata tun a maƙalarsa ta 1981. Ya raba ayyuka zuwa waɗanda ake iya warwarewa da waɗanda ya kira na zahiri, ya kuma ba da misali da na'urar ba da kuɗi: takardar da ta fito ta shiga hannun mutum babu kundin da zai janyo ta. Don haka ake jinkirta irin wannan aiki zuwa ƙarshe, a fara cirewa a littafi sannan a buɗe baki. Tsarin da gangan aka gina shi ta yadda in za a yi kuskure, ya zama an cire ba a bayar ba, maimakon an bayar ba a cire ba, tunda na farkon ana gyara shi da alƙalami, na biyun kuwa sai an bi mutum gida. Na'urar tana riƙe da nata kundin na duk abin da ta yi, kuma da shi da ƙirgen kuɗin da suka rage a cikinta ake raba gardama. A POS kuwa, lambobin nan biyu da ke jikin rasit, STAN da RRN, su ne zaren da ya ratsa littattafan duka, kuma da su ma'aikacin banki zai nemo mu'amalar a kowane kundi. Takardar rasit ɗin zafi ne ke buga ta ba tawada ba, tana kuma dushewa in ta sha rana ko ta kwana biyu a aljihu, shi ya sa masu POS da suka daɗe a sana'ar ke ɗaukar hotonta tun mai katin bai bar gaban rumfa ba.